Lupita, Zakaran Eusebio

Babu gardamar da Eusebio Carrasco ya sha kashi a cikinta kamar wadda ya yi da matarsa Ofelia, Allah ya jiƙanta. Ya sayo 'yan tsaki a shagon abincin dabbobi, mai shago ya rantse masa duk mata ne. Ofelia ta dubi wani mai dogayen ƙafafu ta ce wannan namiji ne. Ya ce ita me ta sani, shi da ya tashi a gona? Har suna ya raɗa masa, Lupita, ya shimfiɗa masa ciyawa yana jiran ƙwai. Ran da Lupita ya ɗare shinge ya saki cara, ina bayan gidana ina shanya. Ofelia ta leƙo ta taga ta ce, "Manomi, je ka kwashe ƙwan."

Sunan bai canza ba. Da Ofelia ta rasu, zakaran nan ya zama abokin hirarsa, tunda shi ba ya mayar da magana.

A layinmu na yammacin birnin San Antonio, maƙwabci ɗaya ya kai ƙara kan carar zakara, sai ka ga ma'aikatan gari a ƙofarka. Eusebio, tsohon makanikin bas, ya san haka. Kullum da magariba sai ya ɗauki Lupita ya sa shi a wani gajeren akwati a ɗakin wanki, ya rufa masa bargo, don zakaran da bai samu miƙe wuya ba cararsa ba ta nisa. Ba ya sakinsa sai motar makaranta ta wuce. Ƙwan kajin kuwa gida-gida yake bi da shi. Cin hanci ne, kuma ni na fi kowa karɓa.

Sai Maribel ta tare a gidan da ke jikin nasa. Ma'aikaciyar jinya ce, da dare take aiki, da rana take barci. Wato dabarar tsohon duk ta tashi a banza: lokacin da yake sakin zakara, lokacin take kwanciya. Ta zo da jajayen idanu ta faɗa masa. Bai musa ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata, faɗa mini ranakun aikinki." Tun daga nan, ran da take barci Lupita a falon Eusebio yake wuni har la'asar, su biyu suna kallon talabijin.

Maribel ta gamsu. Wanda bai gamsu ba shi ne Cleofas na tsallaken titi, kurma rabi da rabi, wanda tun asuba yake fitowa yana kakin majina yana zagin karnukan mutane. Ranar wata Lahadi muna gashin nama a tsakar gidana, ya ce gobe zai kira ma'aikatan gari. Tsohon zakara ba shi da amfani sai hana mutane sakat, in ji shi, gara a yi romo da shi kowa ya huta. Eusebio ya ajiye farantinsa. Duk mun san Cleofas zai iya.

Amsar da aka ba shi ce ta kashe maganar, har yau bai taɓa wayar ba. Eusebio ya matso daf da kunnensa mai ji, ya ce:

"Cleofas, in dai za a fara dafa tsofaffin da ke damun layin nan da asuba, sai mu bi girma. Kai ne babba, shiga tukunya."