Kwalbar da Kumagai Bai Yarda da Ita Ba

Kumagai Sadao mutum ne da ko gaisuwa aka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. A ƙauyensu da ke cikin duwatsun Akita, idan maƙwabci ya kawo masa kabewa kyauta, sai ya wuni yana tunanin abin da mutumin yake nema. Ba haka aka haife shi ba, aiki ne ya mai da shi haka.

Yana da shekara goma sha bakwai ya shiga gidan dafa sake, wato giyar shinkafa, na iyalin Abukawa. Kamar sauran mazan ƙauyen, da damina yana gonar shinkafa, da zarar an girbe kuma dusar ƙanƙara ta fara sauka, sai ya ɗaure kayansa ya tafi gidan giya, ba zai dawo ba sai ta narke. Ya fara da wankin shinkafa a ruwan da ke kashe yatsu, ya koma wajen turara ta, daga baya aka ba shi ɗakin koji, ɗan ɗakin katakon nan mai zafi inda ake barbaɗa wa turararriyar shinkafa funfunar da ke mai da ita zaƙi. Duk wanda ya san sana'ar ya san a nan ran giya yake.

A shekararsa ta biyu a ɗakin, koji ya lalace. Shinkafar ta yi yauƙi, tanki biyu suka tafi a banza. Abin da ke jawo wannan sananne ne: wani ya ci natto, waken nan mai yauƙi da aka haramta wa masu dafa giya duk tsawon sanyi, ya shigo da shi a hannu. Babu wanda ya amsa laifin. Mai gida ya tara ma'aikata ya wanke Sadao tas a gabansu. Shi dai ya san bai ci ba. Ya kuma san wanda ya gani ranar Lahadi yana dawowa daga gidan mahaifiyarsa yana sakace: Onodera Giichi, abokin aikinsa mai yawan dariya. Hujja ce dai ba shi da ita. Daga ranar, duk wanda zai shiga ɗakin koji sai ya miƙa hannu Sadao ya sansana, har mai gida. Nan ya samo sunan Hanci. Shekara talatin da takwas suka yi da Giichi a ƙarƙashin rufi ɗaya, suna cin abinci a tebur ɗaya, amma bai taɓa barin sa shi kaɗai da shinkafa ba.

Da mai gida ya rasu, 'ya'yansa duk suna birni, aka rufe gidan giyar, aka rushe ginin. Shekara tara bayan haka matar Sadao ta rasu. 'Yarsa Mineko ta matsa masa har ya koma wurinta a Sendai, hawa na shida, inda ya zama ba shi da aiki sai leƙen titi ta taga da ƙirga masu kawo saƙo.

Wata Asabar da la'asar ta ce masa, "Baba, sa rigarka mu fita."

"Ina?"

"Wata mashayar sake ce a bayan tasha. Ƙarfe uku take buɗewa."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke da ko kofi ɗaya ba kya iya ƙarasawa? Gidan tsofaffi za ki kai ni ki nuna mini, ko?"

"In gidan tsofaffi ne, ai ba zan ce ka sa rigar kirki ba. Tashi."

Wurin ɗan ƙarami ne, kanta ɗaya ta katako da kujeru goma, bayanta firij mai ƙofar gilashi cike da kwalabe. Mai wurin, Nitta Harue, mace ce 'yar shekara arba'in da ɗoriya, ta bar aikin ofis ta buɗe shi, kuma da kanta take zagaya ƙauyuka tana zaɓo abin da za ta sayar. Sadao ya zauna ya kafe firij ɗin da ido.

"Giya ce wannan ko madara?" in ji shi. "Me ya kai sake cikin firij?"

"Waɗannan ba a dafa su bayan tacewa ba, Baba," in ji Harue. "Suna da rai. In an bar su a waje sai su juya."

Ta jera masa ƙananan kofuna uku na gilashi, da ɗan faranti na tsamin kabeji. Ta ce na farko an surfe shinkafarsa har rabin ƙwayar ya tafi, shi ya sa yake ƙamshin 'ya'yan itace. Ya kurɓa ya ce turaren mata ne. Na biyu fari ne kamar kunu, ba a tace shi sosai ba. Ya ce a zamaninsu irin wannan a ɓoye ake sha, kunyar a gani ake ji. Amma a ransa ya yi mamaki. Ya kusa shekara hamsin cikin sana'ar, sai dai giyar gida ɗaya kawai ya sani, da ɗuminta a ƙaramin tulu. Bai taɓa sanin ana iya fitar da wannan duka daga shinkafa da ruwa ba.

Sai ya ɗaga na uku. Bai kai shi baki ba ya tsaya. Akwai wani ƙamshi a ƙasa, kamar na tsohon katako da nunanniyar ayaba, da ɗan tsami a ƙarshe. Wannan ƙamshin a gida ɗaya yake a duniya. Yis ɗin gidan Abukawa ne, wanda ba a saye shi a ko'ina ba, a jikin katakon rufi yake zaune tun zamanin kakanni, yana faɗowa cikin tankuna da kansa. Kuma ginin ya shekara goma sha ɗaya da rushewa.

"Mu ga kwalbar," in ji shi.

Takardar jiki ta nuna wani sabon gidan giya a Yamagata, sunan da bai taɓa ji ba. Ya ajiye kofin, ya ce wa Mineko su tafi gida.

Ranar Talata ya koma shi kaɗai, da ɗan littafi a aljihu. Ya ce a ba shi na ukun nan. Ya ɗaga shi wajen haske, ya kwafe ranar da aka ɗura kwalbar, ya murza marufin ya ga ko an taɓa buɗe shi an mayar. Tunaninsa biyu ne: ko matar nan ta samo tsofaffin kwalaben Abukawa tana juyewa cikin sababbi, ko kuma wani ya yi sata.

"Wa ke kawo miki wannan?"

"Daga can ake aiko mini."

"Kwalba nawa a wata?"

Harue ta ci gaba da goge kofi. "Ya danganta."

Ita ma ta fara nata lissafin. Tsoho mai tsaftatacciyar riga, ba ya sha sai sansanawa, yana rubutu yana leƙen bayan kanta. Ko dai hukuma ce ta turo shi, ko kuma babbar mashayar nan ta kan titi, wadda ta daɗe tana son sanin inda take samo kayanta. Ranar Alhamis da ya dawo, ya tarar ta juya kwalbar, takarda na kallon bango. Shi kuwa sai ya ce a ransa, to, ga shi nan, tana ɓoye wani abu.

Haka suka yi mako biyu. Yana tambaya tana kaucewa, tana tambayar inda ya yi aiki yana cewa noma. Ta fara zuba masa wata giyar daban ba ta faɗa masa ba, don ta gwada shi. Ya sansana sau ɗaya ya tura mata kofin.

"Wannan ba ita ba ce. Ruwan wannan mai nauyi ne, daga kudu ta fito."

Harue ta ajiye tsumman hannunta. Lokacin ƙarfe uku da rabi, babu kowa sai su biyu.

"Kumagai-san, manomi ba ya gane ruwa a cikin giya. Faɗa mini wanda ya aiko ka, in ba shi amsa da bakina."

"Ni za ki tambaya? Ke faɗa mini inda kika samo giyar matattu!"

"Giyar matattu?"

Sai ya kwance mata komai, da fushi, yana buga yatsa a kanta: gidan Abukawa, katakon rufi, ranar da motar rusau ta zo. Ta saurara har ya gama, sannan ta zauna a kujerar da ke gefensa, abin da ba ta taɓa yi da mai saye ba.

"Yaran da suka buɗe wurin nan na Yamagata ba su san komai ba da farko," in ji ta. "Wani tsoho ne ɗan Akita ya koya musu. Har yanzu yana can. Onodera."

Sadao ya ji kamar an watsa masa ruwan wankin shinkafa a ƙeya. "Giichi," in ji shi. "Na sani. Wallahi na sani."

Harue ba ta nemi izininsa ba, ta ɗauki waya ta buga, ta yi 'yar magana, ta miƙa masa. Muryar ta tsufa, amma dariyar tana nan.

"Hanci? Kai ne? Ashe ba ka mutu ba!"

"Ɓarawo," in ji Sadao. "Da wane dare ka shiga ka kwaso shi?"

"Da rana tsaka, tsohon banza, da motar haya. Matar mai gida ce ta ce in ɗauki katako uku na rufi kafin a rusa. Na kafa su a saman tankunan yaran nan, shekara huɗu muna jira kafin ƙamshin ya dawo. Ba na rubuto maka ba? Sau biyu! Na ce ka zo ka riƙe mana ɗakin koji, don ni ban iya shi kamar kai ba."

Sadao ya tuna wasiƙun. Ya ga sunan mai aikowa a baya, ya ce a ransa mutumin nan wani abu yake nema, ya jefa su murhu ba tare da ya buɗe ba.

"Ban ga wata wasiƙa ba," in ji shi.

"Ƙarya kake. Ƙona su ka yi, na san halinka."

"To natto fa? Shekarar da tanki biyu suka lalace?"

"Shekara hamsin, Hanci! Har yanzu? Ban ci ba. Na faɗa maka a lokacin, ina sake faɗa maka. Miyar kifi uwata ta ba ni."

"Haka kowane mai laifi yake cewa."

Ya miƙa wa Harue wayarta. Ta ɗumama masa giyar a ƙaramin tulu, karo na farko, ta zuba masa. Ya sha duka.

Bai yarda nan take ba. Sai da ya sa Mineko ta nemo masa inda matar mai gida take, a wani gidan kula da tsofaffi kusa da teku, ya shiga jirgin ƙasa tare da ita ya je da kansa. Tsohuwar ta haura casa'in, amma ta gane shi tun daga ƙofa, ta miƙo masa hannunta tana dariya wai ya sansana. Ta ce ƙwarai ita ta ba Giichi katakon, kuma da shi Sadao ya tambaya, da ta ba shi shida. A hanyar dawowa ya gaya wa Mineko cewa mai yiwuwa Giichi ya riga shi zuwa ya shirya tsohuwar. Mineko ta rufe ido ta yi kamar barci.

A watan Janairu ya tafi Yamagata, wai zai je ya ga ɓarnar da ake yi. Ya ce kwana biyu zai yi, ya yi sha tara. Ya tarar ɗakin koji ya yi laima da yawa, ya sa aka buɗe ƙaramar taga a sama, ya koya wa masu wurin yadda ake gane shinkafa ta yi da bayan hannu. Kullum da safe shi da Giichi sai sun yi cacar baki a kan komai, daga zafin ruwa har wanda ya fi tsufa a fuska. Giichi ya rasu a watan Mayu na shekarar. Sadao ya je jana'iza, ya tsaya a baya.

Yanzu shekararsa saba'in da takwas. Talata da Alhamis, ƙarfe uku, yana kujerar ƙarshe a mashayar Harue. Ta bar masa aikin ɗumama giya ga mai so, don ta ce hannunsa ya fi ma'aunin zafi. Shi kuma ya koyi shan mai sanyi, har yana da wadda yake so, wata daga Kochi mai ɗan ɗaci, ko da yake idan an tambaye shi sai ya ce don kada ta lalace yake taimaka mata. Baƙi kan ɗauka mijin uwarta ne ko mahaifinta. Idan sanyi ya shigo, masu gidan giyar Yamagata sukan aiko mota ta ɗauke shi na mako biyu, Mineko ta haɗa masa magungunansa a ƙaramar jaka, ta rubuta a jikin kowanne lokacin shansa.