Kan Famfon Gidan Sammani

Maƙwabcina Sammani manomin gero ne a wani ƙauye bayan Ruma, kuma kunya ta yi masa yawa. In ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri. Da 'yan bindiga suka fara tare mata a hanyar rafi, ya hana matarsa Mahfuza zuwa ɗiban ruwa. Ya sayar da akuya, ya sayo ƙatuwar randar roba mai kan famfo a gindi. Shi ke ɗaura jarkoki a babur ya cika mata.

Kan famfon nan kuwa na banza ne. Ka murɗa shi har hannunka ya yi ja, yana nan yana ɗiga. Sammani ya naɗe shi da roba, ya liƙa masa sabulu, duk a banza. Kafin gari ya waye ƙasa ta shanye rabin ruwan.

Na ce, "Kai Sammani, mai da ma mai shi kayanshi mana!"

Ya sunkuyar da kai. "Wurin Baba na saye shi."

Baban nan shi ne Alhaji Muntaka, mahaifin Mahfuza, mai shagon kayan famfo a Batsari. Sammani ko sunansa ba ya iya faɗa, balle ya ce masa kayansa ba su da kyau. Ya je shagon da niyyar magana, ya durƙusa ya gaishe shi, aka tambayi mutanen gida, ya ce lafiya lau, ya taso. Saye a wani shago kuma ya ce cin fuska ne, maganar za ta koma kunnen tsoho. Wallahi haushinsa na ji.

Wata rana ya kai gero Safana, babur ya lalace masa, ya kwana can. Da safe Mahfuza ta murɗa famfo, ko ɗigo babu, ga yara ba su karya ba. Ta ɗauki bokiti ta bi mata rafi. Matan suka dawo a guje, ban da ita. Har yau ba labarinta.

Alhaji Muntaka ya zo jaje, idonsa jawur. Ya ga ƙasa a jiƙe a gindin randar, ya tsuguna ya taɓa kan famfon.

"Wannan ai kwalinsu duka lalatattu ne. Kowa ya maido nashi na sake mishi. Sammani, mi ya hana ka faɗa min?"

Sammani ya durƙusa, hawaye na zuba.

"Ba komai, Baba."