Dokin kaboyi da ya kai abokina komisariya

Shekarun baya, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa kuma ruwan sama ya yi mana yaji, ina ɗalibi a Yamai, can hayin kogi wajen Lamorde. Daga Maraɗi na zo, da akwatin ƙarfe da wani wando mai faɗin ƙafa wanda nake ganin duk birnin ba mai irinsa.

Aka haɗa mu ɗaki da wani ɗan Tawa, dogo, siriri, mai tabarau da ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Tarihi yake karantawa. Shi ne abokina da zan ba ku labarinsa yau. Ya taɓa aron wani littafi na masu ra'ayin gurguzu, wanda aka naɗe bangonsa da takardar siminti don kada a gane shi, ya karanta wajen rabi mai shi ya zo ya karɓe abinsa. Rabin nan ya ishe shi. Daga ranar kowa ya zama kamarad a bakinsa, har Bazabarmar da ke sayar mana da kopto, kwaɗon ganyen zogale, a bakin ƙofa, wadda ta ɗauka wani suna ne na Hausawa ya laƙaba mata, take amsawa da murna.

Kada ku ɗauka ɗan tawaye ne. Mutum ne da ko kaza ba ya iya yankawa, kuma ba ya wasa da salla. Cewa yake sahun masallaci ne kaɗai inda ya taɓa ganin gurguzu da idonsa, tunda a nan ne ƙafar minista ke taɓa ƙafar ɗan dako kuma ba wanda ya mutu.

Sinima ce ta ƙulla abotarmu. Ran Asabar da la'asar sakaliya sai mu taka a ƙasa mu haye gada. A shekarar kogin ya janye har yana ban tausayi. Tsibiran yashi sun fito fari fat, ramammun shanu na tsaye a inda da kwale-kwale ke wucewa, masu lambu suna bin ruwan da garwa kamar masu biko. Rana kuma ta faɗi ja wur ta wajen Gudel, ta rina ɗan ruwan da ya rage, ka rantse ba a ƙasar da ake yunwa kake ba. Mu yi magariba a gefen titi, mu yanki biye, wato tikitin shiga, na gaba, mafi araha, inda sai ka ɗaga kai kamar mai duban wata. Sinimar ba ta da rufi sai a can baya, wurin masu kujeru. Mu na gaba taurari ne rufinmu, jemagu suna gittawa ta cikin hasken fim ɗin.

Ni kallo ke kai ni. Ina son waƙar Indiya, kuma na sha ɓoye hawaye da sunan hayaƙin taba ne ya shiga idona. Shi kuwa fassara ke kai shi. Da mun fito sai ya gyara tabarau ya ce, "To kamarad, mi ka gani?"

In na ce na ga kaboyi ya kori ɓarayi ya ceci gari, sai ya girgiza kai kamar likitan da ya ga ciwo ya yi nisa. Ya tambaye ni wa ya yi gudun, wa ya hau duwatsu, wa ya sha ƙishirwa. Doki. Amma da aka shigo gari wa mata suka yi wa guɗa? Dokin yana can waje a ɗaure, ko ruwa ba a ba shi ba. A wurin abokina dokin nan shi ne talaka, kaboyi kuwa ɗan jari-hujja ne da ya iya sa malafa. Ya ce ranar da dawaki za su yi taro, ranar fim ɗin kaboyi zai ƙare.

Fim ɗin karate ma bai tsira ba. Yaron da malaminsa ke sa shi ɗiban ruwa da sharar tsakar gida shekara da shekaru kafin a koya masa naushi ɗaya, wannan ɗan ƙwadago ne da ba a biya, malamin kuma ya ɓoye naushin ƙarshe a aljihu don kada a yi juyin juya hali. Amma fassarar da ta fi zama mini a rai ita ce ta masu rawa a fim ɗin Indiya. Ya ce in daina kallon saurayi da budurwar da ke gaba, in dubi waɗanda ke juyi a bayansu, cincirindon mutane da suka ɓullo daga bayan tudu cikin kaya iri ɗaya. Daga ina suka fito? Ina suke komawa in waƙa ta ƙare? Wa ya san sunan ko ɗaya? Na kwana ina tunaninsu, ina ganinsu suna tafiya gida a ƙasa, kowa da takalminsa a hannu.

Nakan yi masa gardama, in ce doki doki ne. Sai ya dubi wandona ya ce ba laifina ba ne, mai irin wannan wando ba ya ganin talaka ko da ya taka shi. Wasa ne, kuma mu duka mun san wasa ne. Shi kansa yakan fashe da dariya kafin ya kai ƙarshen bayani.

Akwai teburin mai shayi kusa da sinimar, nan muke tsayawa kafin mu koma. Sannu a hankali abokina ya yi suna a wurin. Ƴan taksi, ɗalibai, ƙananan ma'aikata, kowa ya fito sai ya tsaya ya ji wa zai zama doki yau. Akwai masu zuwa teburin ba su ma kalli fim ɗin ba.

Ina da kawu a Gamkalle, ma'aikacin gwamnati, can nake cin tuwon Juma'a. Wata rana na kwashe labarin dokin na ba shi, ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo, sannan ya ce a hankali, "Ɗana, karatu aka turo ka. A zamanin nan ko tari za ka yi, fara duba wanda ke bayanka." Na ce to, Kawu. A raina na ce tsoron tsofaffi ne.

Ana nan sai aka kawo wani fim na Indiya. Ƙauye ne da fari ya ci, da wani mai dukiya da ya cika rumbuna ya sa kwaɗo, yana jiran hatsi ya yi tsada. A lokacin mutanen arewa sun fara cika gefen birni, sun kafa bukkokin tabarma da kwali, muna wuce su a hanya muna kau da kai. Ranar sinimar ta yi tsit. Masu ihun nan na gaba, da ke faɗa wa jarumi ya waiga ana zuwa ta bayansa, ba wanda ya ce uffan. Da mutanen ƙauyen suka ɓalle ƙofar rumbun hatsi ya malalo, na ji wani a bayana ya sauke numfashi kamar shi aka sauke wa kaya. Na waiga wajen abokina, na ga ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Abin da ban sani ba shi ne, da safiyar ranar ya haɗu da wani direban babbar mota ɗan yankinsu, ya gaya masa shanun mahaifinsa sun ƙare, ƙauyensu ya watse, iyayensa sun yi kudu ba wanda ya san inda suka tsaya. Bai faɗa mini ba. Ya bi ni sinima kamar kullum.

A teburin shayi aka fara tsokanarsa, wa ne doki yau. Ya ce a bar shi. Aka matsa. Sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Wanga ba ya son fassara. Rumbun kun san inda yake, kun san masu mabuɗin. Buhunan taimako da ake saukewa da rana, ku tambaya ina suke kwana."

Ba wanda ya yi dariya. Mai shayi ya hau wanke kofunan da ya riga ya wanke, mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Cikin makon ne, da safe muna shirin tafiya aji, wasu mutum biyu cikin farin kaya suka yi sallama a ƙofar ɗakinmu. Da ladabi suka ce abokina ya zo komisariya, ofishin ƴan sanda, ya amsa ƴan tambayoyi. Ya sa takalmi, ya ce in kwashe masa shanyarsa kada rana ta cinye ta. Na kwashe, na linke, na ajiye a kan gadonsa. Nan kayan suka yi makonni.

Na ruga wajen kawuna ina jiran ya ce ai ya faɗa mini. Bai faɗa ba. Ya shiga ɗaki ya fito da babbar rigarsa ta salla. Daga ranar ya dinga bin gidajen waɗanda suka yi lakkol, wato makarantar boko, tare, waɗanda yanzu suka zama manya, yana zama a zaure yana jira kamar mai neman aiki, saboda yaron da sau ɗaya ya taɓa gani. Ni kuma a aji ina kallon fuskokin mutane ina tambayar kaina wane ne ya kai rahotonsa. Kowa ya zama abin zargi, har mai shayin da ya sha ƙara mana madara.

Da aka sako abokina an aske masa kai, ya ƙara ramewa, gilashin tabaransa ɗaya ya tsage. Da yamma muka gangara bakin kogi muka zauna a kan yashi, can muna hango yara suna tsallakawa da ƙafa, ruwan ko gwiwa bai kai musu ba. Nan ya ba ni labari. Ya ce duk abin da ya taɓa faɗa a teburin shayi sun sani, har masu rawan bayan tudu. Amma abin mamaki, maganar rumbu ba ta dame su kamar ta doki ba. Mai tambayar ya tsare shi: wa yake nufi da mai malafa, su wa ke sa hula a ƙasar nan, kuma taron dawakin nan ina za a yi shi, su wa suka yi alkawarin zuwa.

"Na ce masa wallahi, ranka shi daɗe, doki nike nufi. Mai ƙafa huɗu. Ya ce in faɗi sunansa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ma na yi, har idona ya faɗa kan wuyan hannunsa, sai dariyar ta tsaya mini. Ya ja hannun riga ya rufe. Sauran abin da ya faru a can bai taɓa faɗa mini ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Sharaɗin sakinsa shi ne ya bar karatu ya bar Yamai. Ya ce in bar damuwa, dama tafiya yake son yi, yana da mutanen da zai nema. Na raka shi tasha. Daga baya na ji ya same su kusa da iyaka, uwa da uba da rai, amma ƙaramar ƙanwarsa ta rasu a hanya. Ya zauna da su, ya yi noma, bayan abubuwa sun lafa ya zama malamin lakkol a wani ƙauye, a nan ya tsufa.

Na daɗe ban koma sinima ba. Sai wata rana a farkon damina ƙafata ta kai ni, ni kaɗai. Na manta ko fim ɗin me ake yi. Abin da na tuna, ana tsakiyar kallo iska ta juya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo, sai ga ruwa. Hasken fim ɗin ya ratsa ta cikinsa, kowane ɗigo yana walƙiya kafin ya faɗo mana. Ba wanda ya gudu. Mu na gaba muka miƙe tsaye muna kallon sama, masu kujerun baya kuma suka baro rufinsu suka gangaro cikinmu, da manyan rigunansu da agogunansu, har ba ka iya gane wa ya yanki biye na ina. Na juya gefena da magana a bakina, na tarar baƙo ne a wurin, yana ta hamdala.

Yanzu da na manyanta nakan ga kamar wasan nan namu hanya ce ta faɗin abin da ba ya faɗuwa. Muna jin tsoro, muna jin kunyar tuwon da muke ci alhali na gida ba su da shi, sai muka ɗora wa doki. Wanda ya kai rahoton har yau ban san shi ba, kuma na daina son sani. Wataƙila shi ma yana da mutanen da yake ciyarwa.

Muna waya da abokina jefi-jefi, mu tambayi jikoki da ciwon gwiwa. Ba da daɗewa ba na tuna ban taɓa ba shi labarin ruwan nan ba, sai na kwashe duka na faɗa masa, har da masu kujerun da suka gangaro. Ina jiran in ji yadda zai fassara mini shi. Ina jin kukan awaki ta bayansa. Can sai ya ce, "Ruwan ya kai na shuka?"

Na ce masa ya kai.