Shukar Gwaggo a Gonar Mai Takaba

A motar Ƙanƙara zuwa Faskari na ji rediyo na cewa ƙungiyoyin ƙasashen waje sun matsa wa gwamnati ta yi dokar kare matan da mazansu suka rasu. Sai marigayiya Gwaggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai.

Da ruwan shuka ya sauka, takan ƙulla irin dawa a bakin zane ta nufi gonar matar da ke takaba, tata gonar na jira. Wata shekara na bi ta da sungumi. Ƙasa na ƙamshi, tana jefa iri tana rufewa da diddige.

Na ce, "Gwaggo, mi ya sa ba ki farawa da taki?"

Ta ce, "Ɗiyata, mai takaba ba ta fita. In dangin miji suka riga mu zuba iri, sai su ce riƙo suke mata. Riƙon nan kuwa ban taɓa ganin ya ƙare ba."

Ko masu rubuta dokar sun san a safiya ɗaya gona ke salwanta? Wa zai gaya musu?

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haɗa ta da ladan kowace ƙwaya.