Wa Ya Tsaya Musu?

Mahaifina ɗan kasuwar yadi ne, kuma a shekarun da nake magana a kansu idonsa ya fara tafiya. Duk gidanmu a unguwar Gawon Nama mun sani. Mun ga yadda yake laluben buta da ƙafa kafin ya sunkuya, mun ga ya daina tuƙi bayan magariba, wai fitilun masu babur ne suka yi yawa a gari. Ba wanda ya ce uffan. Shi a ganinsa ba wanda ya lura, kuma haka yake so a zauna. Dalilinsa a fili yake: mutum ne da ake sayen shadda a kan maganarsa. In ya ɗaga yadi ya ce wannan ba ya zuba, an gama ciniki. Ranar da kasuwa ta ji ba ya rabe shuɗi da baƙi, maganar nan ta faɗi, kuma ba shi da wani jari da ya fi ta.

Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ni tun ina yarinya. A lokacin ina aiki a wani ofishi a jami'a, ina kwana a gida, kuma ina da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda kowa ya mayar ta gado. Ƙannena sun danna duk abin da ke ƙyalli a intanet har tallace-tallace suka cika ta. Da na gaji sai na sa wa burauzar, wato abin buɗe shafukan intanet, wata 'yar manhajar tsaro, irin wadda ake liƙa mata a gefe, ta riƙa tare shafukan 'yan damfara. A gida sunanta mai gadi.

Sai Baba ya fara aron kwamfutar bayan la'asar. Yakan ce in ƙara masa girman rubutu, wai masu yin ta ne suka yi rowar tawada, sannan ya ja ta zuwa zaure ya juya allon ya kalli bango. Yana iya Turancin kasuwa daidai gwargwado, yana dannawa da yatsa ɗaya. Ban taɓa duba inda yake shiga ba. Ba ladabi ne kaɗai ya hana ni ba, na riga na san abin da zan gani.

Wata rana ya ƙwala mini kira daga zaure. Na tarar wani akwati ya fito a tsakiyar allo, yana ta kai yatsa yana janyewa. Mai gadin ne ya sabunta kansa, yana neman izini. Na karanta, na mayar masa da Hausa: daga yanzu, in an yarda, duk shafin da za a buɗe sai ya aika adireshinsa ga wani kamfani dabam, su duba a rumbunsu ko an san shi da cuta, kafin a shiga. In ba a yarda ba, zai ci gaba da aiki da ɗan jerin da yake riƙe da shi a cikin kwamfutar, wanda sababbin 'yan damfara kan wuce.

Baba ya shafa gemu.

"Duk wurin da niy je?" ya ce.

"Adireshin shafin kawai, Baba. Sun ce ba sa haɗa shi da suna."

"Sun ce. Su wa na? Ina sunka zamna?"

Na ce a wata ƙasa suke, ban san garin ba.

"To wa yat tsaya musu?"

Wannan tambayar da ita muka tashi a gidanmu. A layinsu na 'yan yadi ba a ba baƙo kaya, ba a kuma nuna masa abin da ke cikin sito, sai wani sananne ya ce ya tsaya masa. Ba takarda, ba sa hannu. Amma in baƙon ya ci amana, wanda ya tsaya ake kamawa, kuma kunyar tasa ce har ya mutu. Baba ya sha tsaya wa mutane, ya kuma sha ƙin tsayawa, har ga 'yan'uwa. Ban taɓa zaton zai yi wa akwatin kwamfuta wannan tambayar ba, har dariya ta so kuɓuce mini, na danne.

Na ce masa masu manhajar ne suka kawo su. Ya ce su ma bai san su ba, baƙo ba ya tsaya wa baƙo. Na ce mutane masu ɗimbin yawa a duniya suna amfani da su. Ya ce yawan mutane ba shaida ba ne, shi mutum ɗaya yake nema.

Sannan ya juyo wajen da nake tsaye.

"Ke kin san aikinga. Kin tsaya musu?"

Na san nauyin kalmar a bakinsa. Na kuma san abin da na sani: na karanta dogon bayaninsu rabi da rabi, na danna "na yarda" a wurare da yawa ba tare da na karanta ko layi ɗaya ba, kamar kowa. Amma in ce na tsaya wa mutanen da ban san fuskarsu ba, a kan sirrin da ko ni ba a ba ni izinin sani ba, wannan ban iya ba.

"Ban san su ba, Baba. Ba zan iya tsaya musu ba."

"To ki ce musu a'a."

Na yi masa bayani sau biyu cewa tsaron zai rage ƙarfi. Ya ce ya ji. Na danna a'a, akwatin ya ɓace, na koma ciki na ci gaba da wankina. Ban ji komai a raina ba a ranar, sai ma ɗan alfahari cewa na faɗi gaskiya.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Wasu 'yan kwalabe suka fara zuwa ta tashar mota, a naɗe cikin baƙar leda. Baba yana ɗiga su a ido safe da yamma, a ɗakinsa, ƙofa a rufe. Inna ta gani ta yi shiru, mu ma muka yi. Mun ɗauka wani likita ya samu a ɓoye, har muka ji daɗi.

Na san gaskiyar ne ranar da rubutun ya fi ƙarfinsa duk girman da na ƙara masa. Ya kira ni, ya juyo da allon wajena, karon farko ke nan. Ya ce in karanta masa adadin ɗigon, wai na wani abokinsa ne. Shafi ne mai hoton mutum da farar riga yana murmushi, an rubuta cewa maganin yana dawo da gani ba tiyata, ba zuwa asibiti, kuma ba wanda zai sani. Na karanta masa adadin. Na haddace adireshin.

Washegari a ofis na rubuta shi a kwamfutar aiki. Ita ba a tambayi kowa ba, masu kula da na'urori sun kunna irin binciken da Baba ya ƙi tun farko. Allon ya yi ja gaba ɗaya, aka ce an san shafin da yaudara, kada a shiga. Na zauna ina kallonsa har abokiyar aikina ta tambaye ni ko lafiya. Haushi na ji, ban kuma san wa zan ɗora wa ba.

Da yamma na faɗa masa a zaure, ba kewaye-kewaye, har da cewa duk gidan mun daɗe da sani. Bai yi faɗa ba. Ya tambaya ko Inna ma, na ce ita ta fara gani. Kawuna ya kai shi asibitin ido a makon. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya ci na hagu ya gama, na dama za a iya riƙe abin da ya rage. Ya ce watannin nan da aka ɓata sun yi tsada. Abin da ke cikin kwalaben kuwa bai cuce shi ba, bai kuma yi masa komai ba.

Ba na cewa jan allo zai hana shi. Baba mutum ne mai taurin kai, wataƙila da ya gani ya ce in kawar masa da shi. Wataƙila kuma da ya kira ni in karanta masa, da maganar ta fashe tun idon hagu yana da sauran haske. Na juya wannan lissafin iya juyawa, ba ya fita.

Yana zuwa kasuwa har yanzu. Yana gane yadi da hannu fiye da da, launi kuwa ya daina rantsuwa a kai, yakan ce mai saye ya fita rana ya duba da kansa. Wasu sun koma wajen maƙwabta, wasu sun tsaya. Kwamfutar bai ƙara taɓa ta ba.

Bayan na yi aure, wata ranar Juma'a na je gaishe shi, na tarar da shi shi kaɗai a zaure da rediyo. Hira ta kai mu can, sai na yi tambayar da na daɗe ina riƙe da ita. Na ce da a ranar nan na ce na tsaya musu fa?

Bai yi jinkiri ba.

"Da na yarda mana. Ai maganarki nika jira."

Ya ƙara muryar rediyon kaɗan, ni kuma na tashi na shiga wajen Inna.