An goge furannin Anty Bilki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin fita Maman Joy mai ɗinki ta kira wayar Ummata. Tun daga ɗaki nake jin muryarta tana kuka: "Hajiya, Bilki ya mutu! Mota ya faɗi da su a hanyar Wushishi!"

Anty Bilki mai lalle, ta Ketaren Gwari. Lallen wata amarya ta je yi, tana kan hanyar dawowa.

Waɗanda suka san ni sun san ba na rubutu a nan. Littattafan soyayya da ake sakawa kawai nake shigowa in karanta, in fita ko comment ban yi ba. Amma yau in ban yi magana ba ƙirjina fashewa zai yi.

Hutun bara Umma ta kai ni shagonta in koyi lalle, wai na cika ƙunshe kaina a ɗaki da waya. Ranar farko na rakuɓe a lungu ina karatuna a ɓoye. Sai ji na yi an fizge wayar. Anty ta karanta da ƙarfi, daidai inda saurayin ya durƙusa yana miƙa wa yarinyar fulawa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke Fa'iza! A Minnar nan wa kika taɓa gani ya durƙusa da fulawa? In ya kawo miki tsire da ɗuminsa ma ai ya yi ƙoƙari. Matso in nuna miki fulawa ta gaske."

Ta buɗe tata wayar. Wani jan fure ne ƙato a cikin baƙin duhu, ganye bisa ganye, taurari sun watsu a kansa kamar an barbaɗa gishiri. Na ce a wace ƙasa ake shuka shi? Ta ce ba shuka ba ce. Nebula ake ce masa, gajimare ne na ƙura da iskar gas can cikin sararin samaniya, da na'urar hangen nesa ake ɗauko hotonsa, kuma a cikinsa ake haihuwar taurari.

Tana da su da yawa. Akwai mai kama da furen zoɓo, akwai mai kama da na kabewa in ya buɗe da safe, akwai wani sai ka ce reshen bishiya da hayaƙi ya lulluɓe. Ta ce rabin Turancin da ake rubutawa a ƙasansu ba ta ganewa, kallo ne nata. Na taɓa tambayarta ko launin na gaske ne. Ta ce, "Wasu sai an ƙara musu. Amarya ma ai sai an yi mata kwalliya kafin hoto."

Daga cikinsu take ciro zanenta. Jan lalle ya zama gajimaren, ɗige-ɗigen baƙi su zama taurari, tsakiyar furen kuma ta bar ta fili, domin ta ce taurarin da aka haifa a wurin sun riga sun hure ƙurar.

Wannan filin ya jawo mata magana. "Bilki, lallen ne ya ƙare kika bar mini rami?" Wata har a gabana ta ce a wanke mata, ba ta son zanen aljanu a hannunta. Anty ta wanke mata. Bayan matar ta fita ne na ga Anty tana ta jera robobin da a jere suke.

Yau na ga matar nan ta sa "ƙawata ta tafi" a status, da emojin hawaye layi guda.

Ni Anty ba ta taɓa yi mini tsawa ba. In na ɓata layi, sai ta mayar da ɓatan ya zama ganye. In magariba ta kusa ita ke tare mini keke zuwa gidanmu a Tunga, ta leƙa ta kalli fuskar direban da kyau, ta ce masa, "Ƙanwata ce, na gane ka."

Duk aikinta a shafinta yake. Hoton nebula a hagu, hannun da ta yi wa zanen a dama. Ba ta taɓa sa fuskar kowa ba, har tata. Hannun riga ma sai ta ja shi zuwa wuyan hannu kafin ta ɗauka.

Bayan an kai ta, muna zaune a gidansu cikin mata, na buɗe shafin in kalla ko zan ji sanyi.

Babu shi.

Na ɗauka network ne. Na fito soro, na tarar da yayanta Nura riƙe da wayarta, gilashin duk ya tsage. Ni da ba na iya kallon idon namiji, ban san lokacin da na ce, "Yaya Nura, shafin Anty ba ya buɗewa" ba.

Ya ce, "Na goge. Da shafin da hotunan wayar, tun kafin a yi mata wanka."

Na ce, "Ai babu fuskarta a ciki."

Ya ce, "Hannuwan matan mutane ne a waje. So kike a riƙa rubuta mata zunubi tana kwance, saboda like?"

Na san mu kan cire hotunan mamaci, na san don tausayinsa ake yi, ban ce a daina ba. Amma Yaya Nura ko sau ɗaya bai taɓa leƙa shagon nan ba. Bai tambayi kowa ba. Bai ma buɗe ya ga me ke ciki ba, shi da bakinsa ya faɗa. Aikin shekaru ya tafi kafin a gama haƙa kabari.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Juma'a ce. Ta ce in ba ta hannun hagu, za ta gwada sabon zane. A hoton shuɗi ne, kamar furen bado, da tauraro ɗaya mai haske a tsakiya. Ta ce, "Lalle ba shi da shuɗi, sai mu yi maneji." Da ya bushe na ɗaga waya, ta buge mini hannu. "Kar ki ɗauka, bai yi ba tukuna. In na dawo daga Wushishi mu gyara gefen nan."

Yana hannuna yanzu da nake rubutun nan. Duk alwalar da na yi sai in ga baƙin ya ƙara koɗewa. Ɗazu na ɗauki hotonsa, da gefen da bai yi ba. Shi kaɗai gare ni.

Don haka ina roƙo. Duk wadda Anty Bilki ta taɓa yi wa lalle, in akwai hoton hannu ko ƙafa a wayarki, ki turo mini ta inbox. Ba zan sa shi ko'ina ba, so nake in koyi zanen tun ina tuna yadda take juya hannunta. Har ku da kuka ce ta bar muku rami. Na ga kun ɗauki hoto ranar biki, ina wurin, ni na riƙe muku jaka.

Ya Allah ka jiƙan Bilkisu. Ka yafe mata, ka yalwata kabarinta ka cika shi da haske, ka nuna mata halittunka da ta ƙare rayuwarta tana kallo a ƙaramin gilashin waya. Ka bai wa mahaifiyarta haƙuri. Ni ma ka cire mini abin da nake ji game da Yaya Nura, don ni kaɗai ba zan iya ba.

Wanda duk ya karanta, don Allah kar ya wuce bai yi mata addu'a ba, ko bai taɓa jin sunanta ba sai yau.