Butar da Kakana Ya Miƙa wa Ɗan Takara

Jiya da la'asar motar kamfe ta bi ta layinmu a Sharaɗa, lasifika na tashi, ana yabon wani ɗan takara. Wai ba ya fashin sahun farko, wai ya kai malamai Makka. Na ja tsaki har 'yata ta waiwayo. Ku yi mini uzuri, in na ji irin wannan raina ɓaci yake yi, don kakana nake tunawa.

A wani ƙauye gefen Challawa na tashi, inda katangar kamfanonin jima ta zo ta tsaya a bakin gonakinmu. Kakana manomi ne, kuma shi ne ladanin masallacinmu tun kafin a haifi babana. Kan wani kututture yake hawa ya toshe kunne, muryarsa ta kai har bakin kogi. Kiran sallar nan shi ne duk abin taƙamarsa a duniya. Ni kuwa aikina in cika randar ƙofar masallaci daga rijiyar unguwa. In na iso da tulu sai ya ce ga amaryarsa nan, mummuna, ko tuwo ba ta iya ba.

Rijiyar nan a kan idonmu ta lalace. Da damina baƙin ruwan da kamfanoni ke saki yakan cika lambatu ya malalo, har ruwanmu ya koma launin shayi, yana warin ruɓaɓɓiyar fata. Jikinmu duk ƙaiƙayi. Dattawa sun kai kuka har sun gaji. Kakana ya koma taimama da wani dutse, yana cewa ruwan da launinsa da warinsa suka sauya ba ya tsarki. Liman ya ce lalura ce, a ci gaba da alwala da ruwan.

Ana haka zaɓe ya ƙarato, wani ɗan takara ya zo mana da farar shadda da dogon carbi. Ya ce shi ba ƙuri'a ya zo nema ba, salla ya zo yi da 'yan'uwa. Amma bai fasa gaya mana cewa abokin karawarsa ba a ganinsa a masallaci ba, shi kuwa duk wanda ya zaɓe shi addinin Allah ya taimaka. Aka yi ta kabbara. Maganar ruwa ko da wasa bai tayar ba.

Da lokaci ya yi, kakana ya sa na cika buta daga randa. Ya karɓa da hannu biyu ya miƙa wa ɗan takarar, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ruwan alwala. Da shi jama'arka suke yi, shi suke sha."

Mutumin ya zuba a tafinsa, ya kai baki, ya tsaya cak. Ya yarfar, ya goge hannu da hankici. Ya yafito yaronsa, aka ɗauko ruwan gora daga mota, ya yi alwalarsa tsaf a gabanmu. Sannan ya shiga ya yi wata doguwar sujada.

Ni a wautata na ɗauka tasa ta ƙare. Ina! Kafin magariba zance ya juya. Wai tsoho ya ci mutuncin baƙo, ya tozarta mai kishin addini, ƙila ma 'yan adawa ne suka sa shi. Babana, da yake a kamfanin jima yake aiki, ya durƙusa yana roƙonsa ya je ya ba da haƙuri. Kakana ya ce a fara nuna masa ƙaryar da ya yi.

Ba a jima ba ɗan takara ya aiko da lasifika da janareta da darduma. Dattawan masallaci suka zo zaurenmu suka ce wa kakana tsufa ya zo, ya huta, an ba wani matashi ladanci. Mutanen da ya yi shekaru yana tashinsu sallar asuba fa! Washegari da azahar ya ɗauki sandarsa kamar kullum, sai ya ji muryar wani a sama. Ya koma ya zauna a buzunsa. Ranar bai tsokane ni ba.

Ranar zaɓe ƙauyenmu kaf mutumin nan aka dangwala wa, har innata, wai tana tsoron alhaki. Ya ci, ya sake ci, ba mu ƙara ganin ƙeyarsa ba. Rijiya tana nan yadda take.

Yau ƙauyen ya zama unguwa, masallacin ya sha tayil, 'yan takara kuma ba su sake salo ba. Ni ba na ƙin mai addini. Amma sallar mutum tasa ce, ba za ta shayar da ɗana ba. Haushina ma ba na ɗan takara ba ne, namu ne. Mun gani da idonmu ya kasa kurkure baki da abin da muke ɗura wa jarirai, muka bar shi muka hukunta tsoho.

Kakana bai sake kiran salla ba har ya koma ga Allah. Ranar da ya rasu na ɗauki guga zan nufi rijiya, liman ya tare ni a ƙofar gida, ya ce a nemo 'yan garuwa. Wai wannan ruwan bai halatta a wanke gawa da shi ba.